Murfin Farko na Ingarma

"Wai mutuwa ka yi a ciki?"

Hajiya mai gidan ce take dukan ƙofar banɗaki da gindin buta. Mu kuma muna bayanta a layi, kowa da tasa butar, kowa fuska a ɗaure. Banɗaki ɗaya ne a gidan. Ƙofarsa ta langa-langa ce, tsatsa ta cinye ƙasanta, duk abin da mutum ya yi a ciki na kan layi yana ji. Abin da nake ji shi ne ɗis, sai shiru, sai nishi, sai wani ɗis ɗin.

"Ingarma! Yara za su makaranta fa!"

Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito yana ɗaure tazuge, gumi ya jiƙa masa goshi, amma haƙoransa duk a waje.

"Haba Hajiya. Wanda ya kwana yana aiki ai a yi masa uzuri."

Mazan layin suka kwashe da dariya. Hajiya ta ce Allah ya shirye shi, ta shige. Matarsa tana durƙushe a bakin famfo tana wanke tukunya. Ba ta ɗago ba.

Ni ban yi dariya ba. Ɗakina yana jikin nasu, katako ne ya raba mu, shi ma bai kai rufi ba. Na san aikin da yake kwana yi. Wani tsohon bokitin fenti ne a bayan ƙofarsu, shi yake tashi yana durƙusa wa har gari ya waye.

Ingarma maganin ƙarfin maza yake sayarwa a bakin tasha. Tebur ɗaya, lema ɗaya, goruna jere da wani baƙin haɗi mai kauri. Ni ina tsallaken titi da akwatin cajin waya, tun da na gama sakandare babu abin da ya biyo baya sai shi. Don haka da rana ina kallonsa, da na dawo gida ina jinsa. Ba ni na zaɓa ba.

Masu irin sana'arsa sun fi a ƙirga a tashar, amma shi ya fi su ciniki, saboda wata doka da ya ɗora wa kansa tun yana da baƙin gashi. Duk gorar da zai sayar sai ya buɗe ta a gaban mai saye, ya cika murfin, ya ɗaga kai ya shanye, ya buga ƙirji.

"Murfin farko nawa ne. In guba ce ni zan riga ka. In wuta ce, je ka tambayi gidana."

Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaya. Matan gidanmu dai suna tsokanar matarsa. In ta makara fitowa sai su ce, "A bar ta ta huta, matar Ingarma ce." Ita kuma ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ba su da ɗa, ba su da komai a ɗakin sai gado da akwati. Wannan murmushin ne kawai na ga tana da shi wanda sauran matan ba su da shi.

Wata rana da la'asar na dawo ɗaukar wata caja na ji su.

"Ka je asibiti."

"Sanyi ne. Ya kusa fita."

"Tun yaushe yake kusa fita? Wandunanka duk zarni. Ni nake wankewa, ni na sani."

"Rage murya."

"Ka sha tulu guda na abin nan, me ya tsinana maka? Ni da katakon nan duk ɗaya muke a wurinka."

Na ɗauki cajata na fita a hankali.

Ranar da abin ya toshe gaba ɗaya, da rana tsaka ne. Na hango shi ya dafa tebur da hannu biyu. Ya sallami wani mai saye da dariya, sannan ya tsallako titi yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a cikin riga. Ya sunkuyo kan akwatina kamar zai ba da caji.

"Miskili, babur ɗin yayanka yana nan?"

Haka yake kirana, wai ba na magana.

"Yana nan, Baba."

"Kai ni asibiti. Ba na nan kusa ba. Na can bayan gada, inda ba a san ni ba."

Ya kama hannuna ya ɗora a mararsa. Ta yi tauri ta taso kamar an cusa ƙwarya.

"Tun jiya ko ɗigo."

A hanya duk ramin da muka faɗa sai ya danƙe mini kafaɗa. Bai yi ƙara ba. Da muka tsaya a danja wani direba ya gane shi ya ɗaga masa hannu, "Ingarma na maza!" Ya ɗaga nasa, har da jinjina.

Nas ɗin da ta karɓe mu ba ta kai shekarun matarsa ba. Ta dubi marar, ta dube shi.

"Ku kenan. Ba kwa zuwa sai famfo ya ƙafe. Sauke wando, Baba."

"Babu nas namiji?"

"Akwai. Yana zuwa gobe. Ka jira shi?"

Ya sauke. Na juya baya ina kallon bango. Na ji ya kira sunan Allah da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba, sai kuma na ji ƙarar ruwa yana zuba a roba, yana ta zuba. Da na juyo hawaye yana bin gefen idonsa zuwa kunne. An zura masa robar fitsari, ƙarshenta na haɗe da wata jaka mai zane-zanen awo.

Likitan dattijo ne mai gajiyayyar fuska. Ya sa aka ɗebi jini, ya sa safar hannu ya duba shi a bayan labule, sannan ya zana wani abu a bayan katin.

"Ga mafitsara. Ga hanyar da fitsari yake bi. Nan a wuyanta akwai wata 'yar tsoka kamar goro, furostet ake ce mata, kowane namiji yana da ita. In shekaru suka ja takan girma ta shaƙe hanyar. Taka ta girma sosai. Fitsarin da ba ya fita yana komawa sama, ya fara taɓa maka ƙoda."

Ingarma ya dube ni. Na miƙe zan fita, ya ce in zauna, ai na riga na ga abin da ya fi haka.

"Likita, ɗaya abin fa?"

"Wanne?"

"Na iyali."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Sau da yawa tare suke zuwa. Unguwa ɗaya suke, jijiyoyi da hanyoyin jinin wurin duk maƙwabta ne. Kuma wanda bai yi barci ba, yana fargabar jiƙa shimfiɗa, me kake so jikinsa ya yi? Akwai magani, wani ma yakan taimaka wa duka biyun. Amma sai ƙodar ta huta tukuna. Kana shan wani abu?"

Ni na faɗi haɗin da yake sha. Likitan ya tambayi abin da ke ciki. Ingarma ya lissafa saiwoyi da sassaƙe da zuma, sannan ya rage murya ya ce da wasu ƙwayoyi da yake saye a kwali yana niƙawa, na ciwon jiki da na mura da wata shuɗiya.

Likitan ya ajiye biro.

"Na murar suna ƙara ɗaure hanyar. Na ciwon jikin suna cin ƙoda. Kullum nawa kake sha?"

"Murfi ɗaya ne."

"A rana?"

"A kowace gora."

Likitan ya dube shi ya daɗe.

"Daga yau ko lasa kada ka yi. Robar nan kuma ta zauna har ka dawo mu shirya aiki. Kada ka taɓa ta."

A hanyar dawowa ya sa na tsaya a gindin wata bishiya. Ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure jakar a cinya, ya saki riga a kai.

"Miskili, ka ga wani abu yau?"

"Ban gani ba."

"Allah ya yi maka albarka. Shi ya sa nake son mutum marar magana."

Washegari ya fito da babbar riga, cikin wannan zafin. Mutanen tasha suka ce ko ango zai zama. Ya ce ai shi kullum ango ne. Layin banɗaki ya daina jiransa. Fuskarsa ta ɗan washe, har barci na ji yana yi da minshari. Da mai saye ya zo sai ya ce yana azumin nafila, a yi masa afuwar murfin yau. Wasu suka saya haka. Wasu suka juya gorar a hannu suka ajiye, suka ce sai ya sha ruwa sa dawo.

Mahauci ne ya fara magana. Ƙato ne mai rumfa a bayan tasha, tsohon mai sayen Ingarma, in yana raɗa ana ji a tsallaken titi.

"Kai wane irin azumi ne ba hutu? Ko waliyyi za ka zama da tsufa?"

"Neman lada ne."

"To ni ba na sayen abin da mai shi yake tsoro. Me ka zuba a na bana?"

Mutane suka fara tsayawa. Ingarma ya dubi gorar, ya dubi Mahauci, ya ɗan waiwayo wajena. Na sunkuyar da kai kan wayoyina. Na ji ƙarar buɗe murfi.

"Na karya saboda kai. Murfin farko nawa ne."

Daga ranar azumi ya ƙare. Ƙarshen wata ne, ma'aikata sun ɗauki albashi, ciniki ya buɗe. Ina zaune ina ganin kansa yana ɗagawa yana sauka kamar na kaza a bakin ruwa.

Da yamma na same shi a soro yana ta fama da takalmi, ƙafar ta kumbura ta ƙi fita.

"Baba, likita ya ce ko lasa."

"Likita ne zai ciyar da ni?"

"Ka zuba wani abu daban a gora ɗaya, ka riƙa sha daga ita."

"Daga gorar mai saye ake sha. Ka taɓa ganin na yi wa wani ha'inci?"

Ban taɓa gani ba. Na ja masa takalmin ya fita. Shatin igiyar ya zauna a naman kamar an yanka.

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Ya ce wani ya gaya masa duk wanda aka yi wa aikin nan shi da mace sai kallo. Na ce ai yanzu ma. Ban ƙarasa ba. Ya dube ni.

Sai Mahauci ya dawo, da abokansa, da gora rabi a hannu.

"Wannan ruwan banza ka ba ni. Na sha na kwana ina jira kamar mai gadin ma'aikata."

Aka yi dariya. Ingarma ma ya yi.

"Wataƙila injin ne ya tsufa, ba man ba."

Dariyar ta koma kan Mahauci. Bai ji daɗi ba. Ya zagayo bayan teburin yana murmushi, irin wasan da suka saba, ya rungumo Ingarma ta baya.

"To bari mu ga naka injin. Kullum je ka tambayi gidana, je ka tambayi gidana. Yau a nan za mu tambaya."

"Kai, bari! Bari, don Allah!"

Yadda ya ce don Allah ɗin ya isa mutum ya sake shi. Mahauci ya yaye rigar sama. Ƙyallen ya kwance. Jakar ta zame ta faɗo tana lilo a tsakanin ƙafafunsa, cike da fitsari ja-ja kamar ruwan wankin nama, robar ta miƙe daga cikin wando.

Wurin ya yi tsit. Sai wani yaron mota ya ce, "La! Ingarma da tanki!"

Tashar ta ɗauka. Har masu shayi suka taso. Ingarma ya durƙusa yana tattara jakar da hannu biyu yana turawa cikin riga, tana zamewa. Mahauci ya ja da baya yana goge hannu a zaninsa na aiki, yana dariya har da tari.

"Shekara da shekaru ashe mataccen doki ne yake sayar mana da sukuwa!"

Kafin magariba duk wayar da aka kawo mini caji da bidiyon abin da ya faru a ciki. Wani ma ya sa masa kiɗa. Masu wayoyin suna miƙo mini suna cewa, "Ka ga maƙwabcinka?" Ina karɓa ina sawa a caji ina ba su lamba.

Ya riga ni komawa gida, amma bidiyon ya riga shi. Na tarar da matan gidan sun kewaye matarsa a tsakar gida. Ba dariya suke yi ba. Tausayi suke ba ta, kuma sun fi jin daɗin wannan.

"Wayyo baiwar Allah. Ashe haƙuri kike ta yi."

"Mu muna nan muna cewa kin more."

"Tun yaushe ne? Faɗa mana, ai duk mata ne."

Ta tashi ta bar su ta tsaya a ƙofar ɗakinsu. Ba ta shiga ba, ba ta kuma rage murya ba.

"Ka ji su? Ka ji abin da ka ja mini? Na rufa maka asiri har na manta yadda ake buɗe baki. A ɗaki ka hana ni, na ce ba komai, ko banza a waje ana ganina da daraja. Yanzu wajen ma ka ƙwace."

Daga ciki ya ce, "Ki shigo mu yi magana."

"Mu yi magana. Ita ce kaɗai ka iya."

Hajiya mai gidan ta leƙo ta ce tunda abin haka ne, a daina zubar da jakar nan a banɗakin mutane, akwai yara.

Da safe ina kan layin banɗaki, Ingarma yana ciki. Babu ɗis, babu nishi. Sai wani gurnani guda ɗaya, gajere, kamar an taka kare, da ƙarar jiki ya bugi langa-langa. Jini ya biyo ta ƙarƙashin ƙofar ya gangara makwarara. Matar da ke gabana ta janye ƙafarta.

Ya fito yana dafe da bango, robar a dunƙule a hannunsa. A bakinta akwai wani ɗan balan-balan cike da ruwa, girman kan yatsa. Shi yake riƙe ta a ciki, sai an tsotse ruwan da sirinji take fita. Bai sani ba. Da shi ya fizgo ta.

"Baba, mu tafi asibiti."

"Na warke."

"Jini fa kake."

"Dattin ne yake fita."

Ya cusa tsumma a wando. Ya bar babbar rigar a kan gado, ya sa wata 'yar shara da wando tsukakke na zamanin samartakarsa, wanda duk mai ido zai ga babu abin da aka ɓoye a ciki. Ya fesa turare. Ya ɗauki gorunansa ya tafi tasha da ƙafa.

Ya jera kaya, ya buɗe lema, ya tsaya. Bai zauna ba. Mutane suna wucewa suna kallon cinyarsa. Ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Ƙaramin aiki aka yi mini, an gama! Ga ni, ku duba! Wanda ya ce Ingarma ya faɗi ya zo ya gani!"

Ya buɗe gora, ba mai saye a gabansa, ya ajiye murfin a tebur ya kafa kai. Maƙogwaronsa yana hawa yana sauka har ta ƙare. Ya jefar da ita ya buga ƙirji. Wasu suka tafa, irin tafin da ake yi wa mahaukaci.

Mahauci ya fito daga rumfarsa da wuƙa a hannu yana goge ta.

"Ka warke?"

"Garau."

"To mu ba ma neman da yawa. Ga bango can. Yi mana fitsari mu gani."

"Kai ba ka da kunya?"

"Kai ka ce a zo a gani. Ko yaron goye yana yi. Yi, in saye teburin nan gaba ɗaya."

Na ɗauka zai zage shi. Sai na ga ya taka zuwa bangon bayan tasha inda direbobi suke tsugunawa. Ya juya mana baya ya durƙusa. Mutane suka bi shi suka tsaya nesa kaɗan, wasu da waya a sama. Ana jira. Wata mota ta yi ta hon ba wanda ya kula. Ina ganin bayansa yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Wani ya fara yi masa irin sautin da uwa take yi wa jariri in tana so ya yi fitsari. Aka fashe.

Da ya miƙe, ƙasar gabansa a bushe take, sai ɗigon jini biyu da ƙura ta shanye.

Ban rufe akwatina ba. Na tsallaka na kama hannunsa. Yana da zafi kamar murfin tukunya.

Bai ƙara fita ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, da rawar ɗari mai girgiza gadon har katakon ɗakina yana amsawa. Sai shaƙuwa ta zo ta ƙi tafiya. Na kawo babur ƙofar gida, ya ce in an ɗora shi a kai bai yafe ba, yarinyar asibitin nan ba za ta ƙara sauke masa wando ba. Na ce wa matarsa mu ɗauke shi da ƙarfi. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa.

"Ka taɓa ganin ya ji maganata?"

Amma ita take juya shi. Ita take goge masa baki. Tana yi ba ta ce masa komai, shi ma ba ya ce mata.

Ranar ƙarshe da hantsi ta tafi kiran ƙaninsa, ta ce in zauna da shi. Ɗakin yana warin zarni da turare. Fuskarsa ta kumbura, idanun sun shige. Numfashinsa ma warin fitsari yake. Ya daɗe yana kallon rufi kafin ya gane ni.

"Miskili."

"Na'am, Baba."

"Suna tambayata?"

Ba wanda ya tambaya. Wani ma ya riga ya kafa teburinsa a wurin, da lemarsa.

"Suna tambaya."

"Me ka ce?"

"Na ce kana hutawa."

Shaƙuwa ta katse shi. Ya jira ta lafa.

"In an tambayi abin da ya kashe ni, ka ce zuciya ce. Ciwon manya. Kada ka ce ta ƙasa ne."

"To."

"Ka ce a tsaye na faɗi."

"To, Baba."

Ya nemi ruwa. Na ɗaga kansa na kai masa kofi. Ya kurɓa kaɗan ya kawar da baki, ya ce kada ya yi yawa, ba shi da inda zai kai shi. Ya rufe ido. Shaƙuwar ta ci gaba, tana nisa da juna, tana nisa, har na zauna ina jiran ta gaba ba ta zo ba.

Mutanen tasha sun zo gaisuwa da yawa, sun cika tabarmin ƙofar gida. Aka ce mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa. Wani ya tambayi ciwon, na ce zuciya ce. Suka ce Allah sarki, suna kallon ƙasa. Wani a baya ya danne dariya ta fito masa ta hanci.

Da aka fara watsewa Mahauci ya ja ni gefe, bayan motar da aka faka. Karo na farko da na ji ya yi magana a hankali.

"Ɗan'uwa, wane asibiti ka kai shi?"

Na dube shi.

"Ba don ni ba. Wani yayana ne, yana ɗan tashi da yawa. Kuma abin ba ya fita da ƙarfi kamar da. Shi ne na ce ko..."

"Na manta."

"Ka manta? Kai fa ka kai shi."

"Na manta."

Ya tsaya yana murza hularsa. Na bar shi a nan.

Bayan kwanaki matar ta haɗa akwatinta, 'yan'uwanta za su zo su tafi da ita. Hajiya ta ce ɗakin yana da mai so, a fitar da komai. Gadon ya sami mai saye. Katifar ce ba wanda ya ko taɓa.

"Ɗan nan, taimaka ka kai mini ita bola," in ji matar. "Kada ka bi ta gaban mutane."

Na naɗe ta na ɗaure na ɗora a ka na bi ta lungu. Ba ta da nauyi. A bola na kwance igiyar, don igiyar tawa ce, katifar ta buɗe da kanta a kan shara. Gefe ɗaya ya lotsa ya yi baƙi da shatin jiki. Ɗaya gefen, can ƙarshe, wani siririn wuri ne mai tsabta, daidai faɗin mutum in ya kwanta a kan haƙarƙarinsa ya juya baya.

Wata akuya ta zo ta shinshina, ta hau, ta zagaya, ta kwanta a wurin mai tsabtar tana tuƙa.